Keken Kishingiɗa: Shawarwari ga Gidan da Ke Son Motsa Jiki

Yawancin magidantan da suka jingine keke bayan sun haura arba'in, in ka bincika, ƙafarsu lafiya lau take. Sirdi ne ya ishe su, ga ciwon wuya da na wuyan hannu saboda sunkuyo, ga tumbi ya fara tokare cinya. Keken kishingiɗa ya ɗauke wa mutum wannan wahala. Kujera ce mai majingina, ka zauna ka jingina, feda tana can gabanka, ƙafafu a miƙe, nauyin jiki ya bazu a gadon baya da mazaunai maimakon ya taru wuri guda. Iri biyu ne. Akwai na titi, mai ƙafa biyu ko uku, wanda aka fi gani a Holan da Jamus da Amurka, a nan kuwa sai a daɗe ba a ci karo da ɗaya ba. Akwai kuma na girke, wanda ba ya zuwa ko'ina, irin na gidajen motsa jiki da sashen gashin ƙashi na manyan asibitoci.

Kada zaman da ake yi a kansa ya sa a ɗauke shi keken malalata. A Yulin 1933, a birnin Paris, Francis Faure ya hau wanda Charles Mochet ya ƙera, ya ci kilomita 45 da 'yan mitoci cikin sa'a guda, ya shafe bajintar da Oscar Egg ya kafa tun 1914. Da shekara ta zagayo, hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta sauya ƙa'ida ta fitar da irinsa daga gasa. Wannan hukunci na 1934 yana cikin abin da ya hana shi yaɗuwa. Daɗin zaman nan shi ke riƙe wanda keken gargajiya ya kora, kuma shi ne ke yaudarar mutum, ko dai ya yi ta danna gwiwa fiye da kima, ko ya zauna yana juya feda ba ko ɗigon gumi.

1. A fara da tambayar wa zai hau. Ga yawancin gidajenmu na girke ya fi dacewa. Uwargida za ta hau ba tare da ta fita ba, kaka mai ciwon gwiwa za ta iya zama ba sai ta ɗaga ƙafa ta tsallake ƙarfe ba, rana da ƙura da ruwan sama kuma ba su da ta cewa. In na gwanjo za a saya, a hau shi a shagon a juya na 'yan mintuna. A duba ko kujerar tana zamewa gaba da baya kuma tana kullewa, ko abin ƙara nauyi yana aiki daga mataki na farko har na ƙarshe, ko akwai ƙara ko girgiza. A nemi takardar da ke liƙe a jikinsa mai nuna iyakar kilo nawa yake ɗauka. Wasu sai an jona su da wuta nauyinsu ke sauyawa, to da irin wutarmu gara mai marfin da ake murɗawa da hannu. In an kawo shi gida a ajiye inda iska ke shiga kuma inda mutane ke zama, kusa da rediyo ko talabijin. Wanda aka tura sito, kafin wata uku ya koma wurin shanyar tawul.

2. Tazarar kujera ta fi komai muhimmanci, kuma nan aka fi yin sakaci. Ga yadda ake gwadawa: ka jingina sosai, ka ɗora diddige a kan feda, ka tura ta iyakar nisanta. A nan ƙafa ta miƙe sak. Sai ka mayar da tudun tafin ƙafa, wajen gindin yatsu, kan fedar, za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Haka ake so. In kujera ta matso da yawa, gaban gwiwa ne zai fara ciwo, wajen ƙoƙon. In ta yi nisa, bayan gwiwa zai riƙa ja, ƙugu kuma ya riƙa karkata dama da hagu don ƙafa ta kai. Tunda keke ɗaya ne gida guda ke rabawa, kowa ya sa alamarsa a jikin ƙarfen da kujerar ke zamewa, da fenti ko ɗan salatif mai launi. Maigida mai tsawo ya sauka, 'yarsa ta hau ba a gyara ba, an shirya wa yarinya ciwon gwiwa ke nan. A na titi kuwa yawanci ƙarfen gaba mai ɗauke da feda ake ja ko a tura, kuma in an ja shi da yawa sai an ƙara wa sarƙa tsawo.

3. A sa giya mara nauyi a yawaita juyi. A keken gargajiya nauyin jikinka ne kusan iyakar ƙarfin da za ka zuba wa feda, in ya wuce haka sai ka tashi daga sirdi. A nan bayanka yana tokare da majingina, don haka kana iya danna abin da ya fi ƙarfin gwiwarka ba ka sani ba, sai washegari wajen ruku'u ka ji a jikinka. Ka kalli agogo daƙiƙa 15, ka ƙirga sau nawa gwiwar dama ta taso. Tsakanin 18 da 22 ya yi, wato juyi 70 zuwa 90 ke nan a minti. In ka kasa kai 15, nauyin ya yi yawa, ka rage. Matasan gida su ne masu son murɗa shi zuwa ƙarshe don a ga ƙarfinsu, a ja musu kunne.

4. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, yara daga shekara 5 zuwa 17 kuma sa'a guda a kullum. Minti 150 shi ne rabin sa'a sau biyar. Amma wanda ya shekara goma bai yi gumin motsa jiki ba kada ya fara daga nan. Minti goma ya isa a makon farko, ana tsallake rana, sannan a riƙa ƙara minti biyu ko uku duk mako. Lokaci ake fara ƙarawa, nauyi ya biyo baya. Ma'aunin matsakaici ba ya buƙatar na'ura: numfashi ya ƙaru, jiki ya ɗau ɗumi, kana iya amsa gaisuwa da 'yar hira amma ba za ka iya jan karatu da murya ba. In kana iya kallon fim kana amsa saƙon waya har rabin sa'a ta cika ba ka ji komai ba, zama kawai ka yi. Bayan wata guda ko biyu, in rabin sa'a ta daina ba ka wuya, ka shigo da gauraye sau ɗaya ko biyu a mako: minti ɗaya da sauri har ka fara haki, minti biyu a hankali, sau biyar ko shida. Ko wanda ya saba da keken gargajiya zai ji baƙon ciwo a mazaunai da bayan cinya a makonnin farko, don aikin da ake ba naman wurin ya bambanta. Wannan yana wucewa. Ciwon da ke cikin gaɓa kuwa, mai suka, alama ce ta a sauka a sake duba kujera da giya.

5. A hau bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya, musamman a bazara da zafi kan wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Na girke ba ya samun iskar tafiya, gumi ya fi zuba, sai a kunna fanka a ajiye gorar ruwa kusa. Da azumi a bari sai an sha ruwa abinci ya faɗa, ko bayan tarawihi.

6. Tufafi. Babbar riga, zani, doguwar riga da dogon hijabi duk suna iya faɗawa cikin sarƙa ko su naɗe a feda, kuma da yake ƙafafu a ɗage suke, zani ba ya zama inda aka ɗaura shi. Wando mai roba a ƙafa ya fi, ga maza da mata. Takalmi ya zama rufaffe mai taurin ƙasa. Silifa tana zamewa, ƙafa tsirara kuma ita ce ke saurin mutuwa ko ɗaukar zafi a tafi. In hakan ta faru a sassauta igiyar takalmi da maɗaurin feda, a motsa yatsu, a rage nauyi, ko a sauka a taka ƙasa minti guda.

7. Wanda ya samu na titi mai ƙafa biyu sai ya sake koyon hawa, ko da ya yi shekara talatin yana tuƙa keke. A nemi fili mai ƙarfi ba mota, kamar harabar makaranta ranar hutu. Tashi shi ne wahalar: a riƙe birki, a kawo feda ɗaya sama, a jingina sosai, a saki birki a danna da ƙarfi, sannan a ɗauke ɗaya ƙafar daga ƙasa ba tare da kallonta ba. Ido yana can nesa. Sabon hawa yakan ƙanƙame hannun keke ya ɗago bayansa daga majingina, shi ke sa keken ya yi ta tangaɗi. A saki kafaɗa, a riƙe da yatsu kawai. Kafin tsayawa a sauko da giya, in ba haka ba tashi na gaba zai gagara. Mai ƙafa uku ba ya faɗuwa a tsaye, amma yana kifewa in an sha kwana da gudu, kuma yana da wani haɗari nasa: ƙafa ta zame daga feda ta taɓa ƙasa, keken ya ja ta ƙarƙashinsa. Saboda haka maɗaurin diddige dole ne a kansa.

8. A titi babbar matsalar ita ce ba a ganinka. Kanka yana daidai da ƙofar ƙaramar mota, direban tifa ko na tirela ba ya hango ka, ɗan adaidaita da ɗan acaɓa kuma ba su saba da abin da ke tafe a wannan tsayin ba. A kafa doguwar sanda mai tuta ja ko ruwan lemo a bayan kujera, a sa fitila gaba da baya ko da rana, a sa hular kwano. Madubi wajibi ne, don mai kishingiɗa ba ya iya waiwaye sosai. Rami ma sai a kauce masa tun daga nesa, tunda ba halin miƙewa a kan feda, duk dukan a gadon baya yake sauka. Ƙaramar tayar gaba tana nutsewa a yashi. A hawan tudu zai ba ka haushi, yara masu keken gargajiya za su wuce ka, sai dai a shimfiɗaɗɗiyar hanya da gangara, da kuma ranar da iska ke busowa ta gaba, kai ne da riba. Ni dai ba zan ba kowa shawarar shiga cunkoson tsakiyar Kano ko Kaduna da shi ba. Unguwa mai shiru, harabar jami'a, ko hanyar bayan gari da sassafe sun wadatar. A shirya wa 'yan kallo kuma, don duk inda aka tsaya sai yara sun taru.

9. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai juna biyu da wanda aka yi wa aiki a gwiwa ko ƙugu su ji ta bakin likitansu kafin su fara. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayar da ke saukar da suga sosai kada ya hau da yunwa, ya ajiye dabino biyu ko uku kusa, ya kuma duba tafin ƙafarsa bayan ya sauka. Kada a riƙe numfashi wajen dannawa. Kada kuma a miƙe zumbur daga gudu, a yi minti uku zuwa biyar ana juyawa a hankali, don jiri na iya ɗibar mutum. Mai ciwon baya ya cusa ƙaramin tawul a naɗe a kwarin ƙugunsa in majinginar ba ta cike wurin ba. Ciwon ƙirji, numfashin da ya ƙi dawowa, bugun zuciya mai tsalle ko duhun gani, a sauka nan take a nufi asibiti.

10. Masu neman rage tumbi su san lissafin. Rabin sa'a a matsakaicin gudu tana ƙona wajen kalori 200 zuwa 300, gwargwadon nauyin mutum. Robar lemon kwalba ta rabin lita tana ɗauke da kusan 200. Wanda ya sauka ya kora da ita mai sanyi ya mayar da abin da ya fitar. Zuciya da huhu da barci su ne ke fara gyaruwa, za ka lura hawan bene ya daina sa ka haki tun kafin sikeli ya motsa. Keke, kowane iri, ba ya ƙarfafa ƙashi kamar tafiyar ƙafa, kuma wannan bai ba hannu da kafaɗa aikin komai ba. Jagorar nan ta 2020 ta ƙara da kwana biyu a mako na aikin ƙarfafa naman jiki. Tashi da zama daga kujera sau goma, tura bango, ɗaga jarkar ruwa mai lita biyar da tattaki zuwa masallaci ko kasuwa za su cike giɓin.

11. Gumi gishiri ne, yana cin ƙarfe, a goge na girke bayan kowane hawa, a rufe shi da tsohon zani da hunturu. A hana ƙananan yara wasa da feda, yatsa yana shiga inda ba a zato. Sarƙar na titi ta kai tsawon ta keken gargajiya biyu da rabi zuwa uku, saboda haka in ta ci, sarƙoƙi uku iri ɗaya za a saya a haɗa. A goge ta da tsumma a ɗiga mai kaɗan, don baƙin man inji yana tara ƙura ya zama yashin da ke cinye haƙoran giya. Fedar hagu zarenta a juye yake, a gaya wa yaron bakanike kafin ya lalata shi da ƙarfin tsiya. Tayar da ake kira inci 20 kuma iri biyu ce da ba sa shiga wa juna, a duba lambar da ke gefenta, 406 ko 451, kafin a je kasuwa. Birki, giya da sifok duk irin na sauran kekuna ne, mai gyaran keke na unguwa zai iya da su. Masu waldar da ke ƙera keken hannu na masu lalurar shan inna suna iya haɗa irin wannan daga tsofaffin kekuna biyu, in an kai musu hoto da awon ƙafar mai hawa. A dage dai a sa birki gaba da baya, a gwada kowace walda a fili kafin a hau kwalta.