Yadda Ƙwayoyin Halitta Ke Fitar da Kuzari Daga Abinci

Tuwon da mutum ya ci, ko na masara ko na dawa, ƙarshensa sitacin da ke ciki ya narke ya koma sukarin da ake kira gulukos, jini ya kwashe shi ya rarraba wa ƙwayoyin halittar jiki. Abin da ke biyo baya littattafan makaranta kan taƙaita shi cikin layi guda: gulukos ya haɗu da iskar oksijin, a samu iskar kabon dayoksaid da ruwa da kuzari. Asalin wannan bayani yana wurin Antoine Lavoisier na Faransa. A farkon shekarun 1780 shi da Pierre-Simon Laplace suka sa ɓeran Masar cikin wani mazubi da ƙanƙara ta kewaye, suka auna yawan ƙanƙarar da ɗumin jikinsa ya narkar da iskar da ya fitar, suka gwada da na gawayi mai ci, sannan suka yanke cewa numfashi ƙonewa ce a hankali. Lissafin nasu bai kauce ba, amma hoton da yake bar wa mutum a rai, na wuta mai cin sukari, ya kauce. Oksijin da muke shaƙa ba ya ko taɓa sukarin, kuma mafi yawan kuzarin ba daga farfasa sukarin yake fitowa kai tsaye ba, daga wani siririn tantani yake fitowa a can ƙarshen aikin.

Aikin yana farawa ne a cikin ruwan ƙwayar halitta, kuma a nan babu ruwansa da oksijin. Ƙwayar gulukos tana da kabon shida. Sinadaran da ke gaggauta aiki, waɗanda ake kira inzayim, suna bi da ita ta matakai goma har su raba ta gida biyu, kowane ɓari mai kabon uku, sunansa fairubet. Abin mamaki, sai an fara kashewa kafin a samu. Ana zuba ATP biyu a farko domin a sa sukarin ya yi saurin tsagewa, daga baya a samu huɗu, ribar ta tsaya a biyu. Shi ATP, wanda Karl Lohmann ya gano a Jamus a 1929, shi ne sinadarin da tsoka da jijiya ke amfani da shi kai tsaye. Ban da shi, ana kuma cire ilektiron daga sukarin a ɗora wa wani sinadari, ya zama NADH. A riƙe wannan, don nan ne maganar take.

Daga nan fairubet ya shiga maitokondiriya, wato 'yan ƙananan gaɓoɓin da ke cikin ƙwayar halitta, masu tantani biyu, na waje da na ciki mai lanƙwashe-lanƙwashe. Da shigarsa sai a cire masa kabon ɗaya ya fita a matsayin kabon dayoksaid, sauran biyun su faɗa cikin wani zagaye mai matakai takwas wanda ke ƙarewa da sinadarin da ya fara da shi. Hans Krebs ne ya zayyana wannan zagaye a 1937 a Jami'ar Sheffield ta Ingila, bayan ya baro Jamus a 1933 saboda mulkin 'yan Nazi, kuma mujallar Nature ta mayar masa da takardar da farko, ko da yake aikin ya kai shi ga kyautar Nobel a 1953. Zagayen yana juyawa sau biyu ga kowace ƙwayar gulukos. Idan ya kammala, kabon shidan nan duk sun fita, sukari ya ƙare ƙurmus. To amma a ƙirga riba: ATP huɗu kacal aka samu tun daga farko. Sauran kuzarin yana maƙale a jikin NADH goma da wani ɗan'uwansa FADH2 guda biyu. Har yanzu oksijin bai shigo ba.

Yadda ake mayar da waɗannan ilektiron su zama ATP ya daɗe yana wahalar da masana. Shekara da shekaru suna neman wani sinadari na tsakiya da suke zaton shi ke haɗa abin, ba su same shi ba, domin babu shi. A 1961 Peter Mitchell na Birtaniya ya kawo wani bayani da aka daɗe ana yi wa kallon hadarin kaji. A jikin tantanin ciki akwai jerin manyan furotin da ke miƙa wa juna ilektiron, kowane miƙi yana sakin ɗan kuzari, kuma da wannan kuzari uku daga cikinsu ke tura furoton, wato ƙwayoyin haidirojin da aka cire wa ilektiron, zuwa ɗaya gefen tantanin. Sai furoton su taru a waje, su yi ƙaranci a ciki. Abin ya yi kama da madatsar Kainji: an tare ruwa ya taru, ba shi da mafita sai ta cikin injin da zai juya. Injin a nan shi ne inzayim ɗin da ke haɗa ATP, kuma juyawa yake yi ta zahiri, kowane zagaye ya fitar da ATP uku. A 1997 masana a Japan suka maƙala masa wani zare mai ƙyalli suka kalle shi ta madubin ƙara girma yana juyi. Oksijin kuwa yana can ƙarshen jerin, yana karɓar ilektiron da suka gama aiki, ya haɗu da furoton ya zama ruwa. Mitchell ya karɓi Nobel a 1978.

Wani zai ce wannan duk tsawaita zance ne, tunda abin da ya shiga da abin da ya fita daidai suke da na ƙonewa. Guba biyu sun isa amsa. Sayanaid, wadda rogo mai ɗaci ke saki idan ba a jiƙa shi ko an tsima shi yadda ya kamata ba, tana toshe furotin na ƙarshe a jerin. Jinin wanda ta kama cike yake da oksijin, har wanda ke dawowa zuciya yakan fito ja jawur domin ba a yi amfani da iskar ba, sukari ma ga shi nan, amma ƙwayoyin halitta na mutuwa. Ita kuwa DNP, wadda aka sayar a Amurka a matsayin maganin rage ƙiba har aka hana a 1938, akasin haka take yi: tana tsallakar da furoton ta jikin tantanin ba tare da sun bi ta injin ba. Sukari da kitse na ƙarewa da sauri, ana zuƙar oksijin fiye da da, amma ATP ya ragu, kuzarin ya tafi a zafi, har zazzaɓi ya kashe mutum. Da ƙonewa ce kawai ke ba da ƙarfi, da mai shan DNP ya fi kowa ƙarfi.

Wani kuma zai kawo yisti da ke kumbura burodi, da ƙwayoyin da ke mayar da madara kindirmo, ya ce ga rayuwa nan ba oksijin. Gaskiya ne, tsokar mai gudun tsere ma takan koma ga wannan hanya na ɗan lokaci, kuma jajayen ƙwayoyin jininmu, da yake ba su da maitokondiriya, da ita kaɗai suke rayuwa. Sai dai duk a matakin farko suka tsaya, ATP biyu ga kowace gulukos, alhali cikakken aikin na ba da wajen talatin. Tsofaffin littattafai sukan ce 38, amma wannan lissafi ne da bai cire furoton da ke yoyo ta tantanin ba, da waɗanda ake kashewa wajen shigo da kayan aiki cikin maitokondiriya. Yoyon ma ba kullum ne asara ba. Jariri sabon haihuwa ba ya iya rawar ɗari sosai don ɗumama kansa, saboda haka yana da wani kitse mai launin ƙasa-ƙasa a tsakanin kafaɗu da wuya, inda wani furotin ke buɗe wa furoton hanya da gangan domin kuzarin ya fita a matsayin ɗumi.