Lissafi a Cikin Gwajin Ƙasar Kadawa

A hutun da ya wuce na koma gida na tarar da mahaifina cikin damuwa. Gonarsa ta alkama a Kadawa, wadda ke shan ruwan madatsar Tiga da aka gama ginawa a 1974, ta yi rawaya a gefe guda, ga wani farin abu kamar kanwa ya feso bisa ƙasa. Ya ce mini, "Gobe zan ƙaro taki buhu biyu." Na ce, "Baba, a yi haƙuri tukuna, a bari a gwada ƙasar." Dalilina shi ne abin da muka koya a aji, wanda nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Ruwan ban ruwa yana ɗauke da gishiri kaɗan wanda ido ba ya gani. Idan rana ta busar da ruwan, sai gishirin ya zauna a gona. In kuma magudana ta toshe, ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan taso, ya kawo wani gishirin sama. To, gishiri in ya yi yawa yana hana saiwa jan ruwa. Takin zamani kuwa shi ma gishiri ne, saboda haka ƙara shi a irin wannan wuri ƙara ciwo ne.

Yaya ake gane haka? Masana ilmin sinadarai suna jiƙa ƙasa da ruwa, su auna tsaminta a ma'aunin pH mai lamba 0 zuwa 14. Ƙasa da 7 tsami ne irin na tsamiya, sama da 7 kuwa ɓangaren kanwa ne. Suna kuma duba yadda lantarki ke ratsa ruwan, domin yawan gishiri yana sa ya wuce da sauƙi.

Amma malaminmu ya gargaɗe mu cewa awo ɗaya ba shaida ba ne. Misali, in an auna sau uku an sami 7.8 da 8.0 da 8.2, sai a tara a raba uku, a sami 8.0, a kuma lura da tazarar da ke tsakaninsu. In gonaki ɗari ne, kowace da awo iri goma, lambobi dubu ke nan, ba mai iya riƙe su a ka. A nan ne ake shigo da kemometirik, wato amfani da lissafi wajen karanta sakamakon gwajin sinadarai. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Wold, shi ya raɗa masa suna a 1971. Ana jera lambobin a kwamfuta, ita kuma ta ware gonakin da suka yi kama da juna, ta nuna abubuwan da ke hawa tare. Ta haka ake bambance gonar da ke jin yunwar taki da wadda gishiri ya kama, ko da yake duk rawaya suke yi.

Baba dai ya fasa sayen takin. Muka yashe magudana ni da ƙannena, wani malamin gona kuma ya ɗebi ƙasa a wurare biyar ya tafi da ita gwaji. Kafin in dawo makaranta Baba ya ce, "Kai, riƙe lissafin nan da kyau." Ina jiran wasiƙarsa in ji sakamako.