Yadda ake rage hayaƙi, zafi da sauro a gidan Illela da kuɗi kaɗan

Wanda ya taɓa kwana a Illela cikin watan Afrilu, a ɗaki mai rufin kwano ba sili, ba sai an yi masa bayanin zafi ba. Rana takan haura digiri 40, kwano ya yini yana shan ta, da dare ya juye wa mai ɗaki. Ga shi kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma rufe iyakar Illela da Kwanni bayan juyin mulkin Nijar na Yulin shekarar, kuɗi suka yi ƙafa a garin da harkarsa ke jingine da ƙetare. An buɗe iyakar ta ɓangarenmu a Maris na 2024, amma tsada ta ƙi sauka. Saboda haka gyaran da za a bi a nan na laka ne, da yashi, da toka, da zana, da abin da ake samu a kasuwar Lahadi.

A fara da madafi, domin can ne cutar da ba a kula da ita take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3 a shekara, kuma uwargida da goyon da ke bayanta su suka fi shaƙarsa. A murhun duwatsu uku, rabon iska ya fi rabon tukunya: wuta na ci, iska na kwashe ta. Maganinsa a yi masa ganuwa.

A samo laka mai danƙo, a haɗa ta da kashin jaki ko na shanu da ƙaiƙayin gero, a kwaɓa, a rufe ta kwana uku ta tsima. A girka duwatsun nan uku, a ɗora tukunyar da aka fi girki da ita, tsakanin gindinta da ƙasa ya zama kamar tsawon tafin hannu. Sai a gina lakar kewaye da ita har kusa da wuyanta, a bar rata mai kaurin yatsa tsakanin tukunya da ginin, don harshen wuta ya riƙa lasar gefenta. A yanka ƙofa ɗaya ta cusa itace. A cire tukunya, a shafe ciki da jiƙaƙƙen hannu, a bar shi ya bushe a inuwa kamar mako guda. In ya tsage, a liƙe da ragowar lakar. Uwargida za ta ga bambanci a damin itacen da take saye, tun ba a yi wata ba.

Amma kada a ruɗi kai: murhun laka yana rage hayaƙi ne, ba ya kashe shi. Girki a rumfa mai shan iska ya fi girki a ƙuryar ɗaki. Itace ya bushe sosai. Kada a hura wuta da leda ko tsohon silifa. Idan hunturu ya kankama, kaskon gawayi kada ya kwana a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga; iskar da ke fita daga gawayi ba ta da wari, mutum na barci take ɗauke shi. Haka hayaƙin janareta.

Na biyu, ruwan sha. Sau da yawa ruwa yakan zo da tsabtarsa, a randa yake lalacewa. Moɗa ɗaya ce, yaro ya sha ya ajiye a ƙasa, wani ya ɗauka ya sake tsomawa. A yi wa randa murfi, a sami moɗa mai dogon mariƙi a rataye ta a ƙusa, da ita ake ɗiba a zuba a kofi. A wanke randar duk mako. Ruwan rijiya ko na ’yan garuwa, musamman da damina lokacin amai da gudawa, a bar shi ya kwanta, a tace da tsabtataccen ƙyalle, sannan a sa maganin tsabtace ruwa bisa adadin da aka rubuta a jikinsa. In babu, ga rana kyauta: a cika farar gorar roba mai garai-garai, a kwantar da ita bisa kwano awa shida cikin rana tsaka. Ruwa mai laka dai ba ya jin wannan dabara sai an tace shi.

Na uku, inuwa. Bangon yamma shi ke dafa ɗaki da la’asar, sai a kafa masa rumfar zana ko a rataya asabari. A ƙarƙashin kwano a ɗaure tabarmi ko kwali a matsayin sili, a bar sarari tsakani. Wanda ya samu hali ya shafa wa kwanon farin fenti. Ɗaki ya sami taga biyu masu kallon juna, ko da ƙanana ne. Cunkoso a ɗaki marar iska shi sanƙarau ke so da bazara. Da ruwan farko ya sauka, a dasa dogon yaro nesa da bango da rijiya, da zogale biyu ko uku ta wajen makwararar alwala. A kewaye su da ƙaya. Akuyar Illela ba ta san dashen maigida ba.

Akwai wata dabarar sanyaya kayan miya da kamar don irin ƙasarmu aka yi ta. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa ta. Tukwanen ƙasa biyu ne, babba da ƙarama. A zuba yashi a gindin babbar, a sa ƙaramar ciki, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi sharaf. A zuba tumatir, tattasai ko yalo a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Safe da yamma a ƙara wa yashin ruwa. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke janye zafi, shi ya sa ta fi aiki da rani; da damina ƙarfinta kan ragu. Albasa kam ba nan ne wurinta ba, ita bushewa take so.

Na huɗu, kwata. Ruwan wanka da ke kwance a bayan gida gonar sauro ce. A haƙa rami mai zurfin ƙugu, nesa da rijiya, a cika shi da fasassun bulo da duwatsu, a karkata makwarara ciki, a rufe. A kife tsofaffin tayoyi da gwangwanaye. Bakin masai ya sami murfi, a riƙa barbaɗa toka. Gidan sauro a ɗaura shi ko a tsakar gida ake kwana, kuma in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na yara ’yan ƙasa da shekara 5 suka zo da damina, a tsaya a ba yaro na kwana ukun duka. Ota-piya-piya kuwa, maganin ƙwarin nan, guba ce, ba ta dace da ɗakin da jariri ke kwana ba, balle buhun wake. Wake a zuba shi a buhun PICS mai ninki uku, a ɗaure kowane ninki daban. Ƙwari kan mutu don rashin iska.

Shara a raba ta biyu: ɓawo, toka da kashin dabbobi su tafi rami su zama takin gona, leda kuma a tara ta a buhu inda tumaki ba sa kai baki.

Sai maganar da ba a so a garin iyaka: jarkokin fetur. Wanda sana’arsa ke nan, ya ware musu wuri a inuwa, can nesa da madafi da ɗakin kwana, ya ajiye bokitin yashi kusa. Jarkar da ta taɓa ɗaukar mai ko maganin feshi kuma, ko an wanke ta da omo sau goma, kada ta koma ta ruwan sha.