Haɗa Jadawalin Sinadarai da Akwatin Ashana

Ɗalibin SS1 a Daura yakan rera sinadarai 20 na farko tiryan-tiryan, amma a tambaye shi dalilin da ya sa fotasiyam ke ƙarƙashin sodiyam, sai ya yi zuru. Hadda ba ta koyar da wannan, hannu ne ke koyarwa.

Tara fankon akwatin ashana 20, ka liƙa su a kan katako: biyu a layin farko, ɗaya a kowane gefe, takwas a na biyu, takwas a na uku, biyu a na huɗu. Rubuta lamba da alamar kowane sinadari a kan akwatinsa. Sai ka liƙa ƙwayar gero daidai da yawan elektiron da ke zagayensa na waje. Nan aikin yake. Duba daga sama zuwa ƙasa: litiyam, sodiyam da fotasiyam kowanne ƙwaya ɗaya, shi ya sa halinsu ya zo ɗaya.

Abin zubawa a ciki kuwa, kicin da kasuwar Daura ko ta Mai'aduwa sun wadatar. Gawayi na kabon, yashi na silikon, ɓawon ƙwai na kalsiyam, guntun gwangwanin lemo na alminiyam, farar wuta ta salfa, toka ta fotasiyam. Gishiri ya shiga gida biyu, sodiyam da kilorin, amma ka rubuta cewa haɗi ne. Kanwa fa, duk da ana ce mata fotash a Turance, sodiyam ne ya fi yawa a cikinta. Malami mai lura zai ba da maki a kan wannan.

Akwatunan hiliyam, niyon, agon da sauran waɗanda ba a samu abin zuba musu ba, a bar su wayam. Ba abin kunya ba ne. Dmitri Mendeleev na Rasha ma ya bar gurabu a jadawalinsa na 1869, aka gano galiyam a 1875 ya cike ɗaya. Yau sinadaran 118 ne.

In za ka ƙara da ƙusa da jan ƙarfe, bismilla. Amma kada ka fasa batir, kada ka taɓa zaiba ko dalma. Gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Iyaye, a ɗora allon inda ƙanne ba za su kai hannu ba.