Ganin CD10 a takardar gwaji ba ya nufin sankarar jini

A aikinmu na gwajin jini da ɓargo, iyaye kan kawo mini takardar sakamako hankali tashe, sun ja layi a ƙarƙashin CD10, don intanet ta ce musu alamar sankarar jini ce. Maganar ba haka take ba.

Kowace ƙwayar jini tana ɗauke da sinadarai a fatarta, waɗanda aka raɗa wa lambobi irin su CD10, CD19, CD33 da CD34. Kamar tsagar gado suke: suna nuna gidan da ƙwaya ta fito, ba halinta ba.

A 1975 Melvyn Greaves da abokan aikinsa a Landan suka gano CD10 a jikin ƙwayoyin sankarar jinin da ta fi kama yara. Daga baya sai aka same shi a ƙodar masu lafiya, da wasu fararen ƙwayoyin jini, da ƙananan ƙwayoyin garkuwar jiki da ke girma cikin ɓargo.

Waɗannan ƙananan ne suka fi ruɗarwa. Sukan yawaita a ɓargon yara, musamman bayan an kammala zagayen maganin sankara. A madubin likita za ka ga cibiyarsu ta cike kusan duk ƙwayar, kamar dai ta masu cutar. Shi ya sa muke bi da su ta na'urar da ke haska su ɗaya bayan ɗaya da hasken leza. Masu lafiya sukan fito a jere, ƙanana da matsakaita da manya, suna yar da CD34, sannan CD10, suna ɗaukar CD20. Na sankara kuwa sukan dunƙule wuri guda, girmansu ya tsaya cik, wani lokaci har da CD33 da ba ta gidansu ba.

Wannan tarayya a alamomi tsakanin lafiyayyun ƙwayoyi da na sankara tana shafar magani ma. Maganin sankara na CAR-T, da Amurka ta amince da shi a 2017, yana farautar CD19, don haka yakan haɗa da lafiyayyun ƙwayoyi, har sai an riƙa yi wa majinyaci ƙarin sinadaran garkuwa.

Saboda haka, kada ku yanke hukunci da layi ɗaya. Ku kai wa likitan jini takardar gaba ɗayanta. In kuwa yaro na fama da zazzaɓin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko ɗashewa, ko zubar jini daga dasashi, ko ciwon ƙashi, ku garzaya asibiti a yi masa cikakken gwajin jini.