Kafin Ka Sa Wuƙa a Aljihu

Manomi ko makiyayi a karkarar Tasawa da Mayahi ba ya rasa wuƙa: yankan igiya, fiɗar akuya, gyaran amalanke. In za ka saya, duba ƙarfen da ƙotar. Mai naɗewa ɗin nan da ke buɗewa da dannawa ɗaya, yawancinta ƙarfen banza ne. Makullinta na saki, ta rufe a kan yatsa. Ƙirar maƙeranmu cikin kube mai kauri ta fi ta aminci, kuma tana ɗaukar washi.

Amma don Allah a bar ta a gona ko a gida. Kada a shiga da ita kasuwa, filin kokawa ko wurin sasanta ɓarnar gona lokacin kaka. A dokar Nijar, rauni da makami ya fi na hannu nauyin hukunci, kuma jandarma zai tambaye ka dalilin ɗaukarta.