Ba mu da kayan aiki, yaya zan koyar da ƙere-ƙere?

Tambaya: Ina koyar da Kimiyya da Fasaha a aji biyar na wata firamare ta cocin Katolika a Kaduna. Allo da alli kaɗai gare mu. Ina mafita?
Wata malama, Unguwar Rimi

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Ki fara da kasuwar Panteka, inda maƙera da masu walda ke mayar da tsohon ƙarfe murhu, tukunya da injin niƙa. Da izinin shugaban makaranta da na iyaye, ki kai yara su ga yadda ake awo kafin a yanka. In fitar ta gagara, ki roƙi Fadan cocin ya yi sanarwar neman masu sana'a ranar Lahadi. Da wuya a rasa kafinta ko tela cikin iyaye da zai ba ku awa ɗaya.

A aji, kwali, murafen robar lemo, tsinken tsire da gam sun isa haɗa mota. Batir, waya da ƙaramin ƙwan fitila za su nuna yadda lantarki ke zagayawa.

Abin da na fi so ki riƙe: kada yaro ya ɗauki almakashi sai ya zana abin da zai ƙera, ya rubuta tsawo da faɗi da santimita. In motar ta ƙi tafiya, kada ki gyara masa. Ki tambaye shi dalili, ya sake gwadawa. 'Yan mata ma su riƙe guduma. Reza ta zauna a hannunki, wutar NEPA kuwa kada kowa ya kusance ta.